Yadda Na Bi Sawun Kakana Ta Hanyar Guntun Tsohuwar Jarida

Tun da labari ya bazu a dangi cewa na samo wasiƙar kakana a cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo ake ta tare ni da tambaya: a ina ake ajiye tsofaffin jaridu, nawa ake biya, kuma wanda ba ɗalibin jami'a ba ana barinsa ya shiga? Ni ba masanin tarihi ba ne, lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Kano, kuma a lokutan hutun makaranta na yi wannan bincike. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ya rage wa kansa kuɗin mota da zaman jira.

Bayan rasuwar kakata ta wajen uba aka buɗe adakarta a gaban magada. A ƙarƙashin zannuwan saƙi aka tarar da lambobin yaƙi guda biyu da wata tsohuwar Ishiriniya a cikin gafaka, a tsakiyarta kuma ga guntun jarida an ninke shi huɗu. Bai fi tafin hannu ba, ya yi ja, gefensa na marmashewa. An yanke shi da almakashi ta sama, saboda haka babu sunan jarida, babu kwanan wata. Ta ƙasa kuwa yagewa ya yi, daidai inda mai rubutun ya sa hannu, sai rabin suna ya rage. Wasiƙa ce zuwa ga edita a kan cinikin auduga. Kakata ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya na ciki ba za ta iya karantawa ba, amma ta riƙe takardar nan fiye da shekara sittin. Abin da muka taso muna ji game da mijinta kaɗan ne: ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, a soja ya koyi boko, ya dawo ya zauna a wajen Funtuwa, sannan ya kwaso iyalinsa ya dawo Kano saboda wata takarda da ya rubuta a jarida ta haɗa shi da manya. Ya rasu kafin a haife ni, sunansa aka sa mini.

Wajen Gwaggo na fara zuwa, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka yi wayo a ƙauye. Ba ta faɗar sunana saboda na mahaifinta ne, Babana take ce mini. Na ce, "Gwaggo, a wace shekara kuka taso?" Ta ce, "Yo Babana, ina ni ina shekara? Ni dai lokacin ina tallar gyaɗa." Daga nan na daina tambayar shekara, na koma tambayar abin da ya faru. Wane sarki ne a Katsina? Nagogo. To Sarki Usman Nagogo ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, wannan bai rage mini komai ba. Da rani ne ko da damina? An gama sayar da auduga, zafi ya fara. Azumi ya wuce ko da saura? A Kano suka yi azumin. Sai can wata rana da yamma, gida babu hayaniya, tana ɓare goron da na kai mata, ta tuna da kanta cewa a shekarar ne aka yi ta kwasar dawakin hakimai da na dagatai ana tafiya da su Kaduna hawan Sarauniya, yara na bin su a guje har bakin gari, kuma dawakin sun dawo kafin su taso. Na nemi izininta na ɗauki maganar a waya. Wanda zai yi irin wannan zama da tsoho ya zaɓi lokacin da jikoki ba sa nan, kada kuma ya katse shi idan ya kauce hanya, don sau da yawa a cikin kaucewar abin da ake nema yake fitowa.

Da na dawo gida sai na juya bayan guntun jaridar, kuma a nan rabin aikin yake. Kowa gaban takarda yake karantawa, alhali bayanta ne ke faɗin shekarunta. Akwai rabin wata talla da farashi a sule da sisi, wato kafin 1973 da naira da kwabo suka shigo. Akwai layin da ya ambaci Firimiyan Jihar Arewa, Sardauna kuwa ya zama Firimiya a 1954, aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. A can kusurwa kuma ga jimlar da almakashi ya raba biyu, tana maganar shirye-shiryen tarbar Sarauniya. Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, azumin shekarar kuma a watan Afrilu ya kama. Maganar Gwaggo da bayan takarda suka haɗu a wuri ɗaya. Maimakon shekara goma sha biyu, sai ya zama wata shida kacal zan bincika, daga Nuwamba 1955 zuwa Afrilu 1956.

Saura sanin wace jarida ce. Mutane suna ɗauka duk jaridar Hausa ta wancan zamani Gaskiya ce, amma ba haka ba ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, wani Bature, Rupert East, na kula da hukumar da ke buga ta. A shekarun 1950 kuma hukumar NORLA, mai buga littattafai a Jihar Arewa, ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Albishir ta Barno, da wasunsu, ga kuma Jakadiya wadda aka yi domin ɗaliban Yaƙi da Jahilci. Mutumin da ke zaune a ƙasar Katsina yana iya aika wasiƙarsa ga Himma ko ga Gaskiya. Intanet ce ta raba mini wannan gardama. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto tsofaffin takardun da ke neman lalacewa, kuma sun ɗora hotunan wasu tsofaffin fitowar Gaskiya a shafinsu, kyauta ake dubawa. Hotunan shafuka ne, da ido za ka bi su, kuma a waya wahala ce, gara kwamfuta. Na gwada faɗin layi da ƙirar haruffa, musamman yadda suke lanƙwasa ƙ da ɗ, na ga sun yi kama da na guntuna ƙwarai. Na kuma saba da fasalin jaridar, inda labaran larduna suke da inda ake sa wasiƙun masu karatu. Duk da haka ina son in ajiye guntuna a kan takardar kanta, gani ya kori ji.

Kafin in je Kaduna wani Baffana ya matsa sai na fara leƙa sakatariyar wata ƙaramar hukuma da ke yankin, wai duk takardun En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, suna can. Na bi maganarsa don girmansa. Na isa da hantsi, aka ce mai riƙe da makullin sito ya tafi ta'aziyya. Na zauna a benci ƙarƙashin darbejiya har aka yi Azahar, aka yi La'asar. Da ya zo, mutum ne mai fara'a, ya buɗe mini ba tare da ya nemi ko sisi ba, amma abin da ke ciki fayil-fayil ne na albashi da na harajin kasuwa, mafi tsufansu na shekarun 1980, na ƙasa kuma gara ta riga ta yi musu aiki. Ƙananan hukumomin nan da gyaran 1976 aka kafa tsarinsu, yawancinsu ma daga baya aka ƙirƙiro su, Jihar Katsina kanta sai 1987 aka cire ta daga Kaduna. Takardun zamanin Razdan da Di'o, Turawan da ke riƙe da larduna da gundumomi, a Kaduna ake neman su. Wanda ke bin abin da ya faru kafin mulkin kai kada ya ɓata yininsa a sakatariya.

Takardun da na tanada su ne wasiƙar gabatarwa daga shugaban makarantarmu a kan takarda mai tambari, kwafin katin shaidar ɗan ƙasa, hotunan fasfo, littafin rubutu da fensir. Wanda ba shi da wurin aiki mai tambari yana iya neman wani malamin jami'a ko hakiminsa ya rubuta masa. Wani abokina da ya yi digiri na biyu a tarihi ya ba ni shawarar da ta fi duka amfani. Ya ce idan aka tambaye ni me nake nema kada in ce kakana, don babu kundin da aka rubuta sunan kakana a bayansa. In ce ina son Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Nuwamba 1955 zuwa Afrilu 1956, kuma batuna cinikin auduga a Lardin Katsina. Ma'aikacin ɗakin ajiya da shekara da wuri yake aiki.

Na shiga motar asuba a Unguwa Uku, muka bi ta Zariya, na sauka a Kawo na hau Keke Napep zuwa titin Rabah, inda Gidan Arewa yake. Nan ne gidan da Sardauna ya zauna, a shekarun 1970 aka mayar da shi cibiyar bincike da adana tarihi wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarta. Na miƙa wasiƙata, na cike fom, na biya kuɗin rajista aka ba ni rasit. Kuɗin bai kai abin da na biya a mota daga Kano ba. Ɗaukar hoton shafi da waya yana da nasa ƙa'ida, a tambaya kafin a ɗaga waya, kuma tun da farashi na canzawa gara mutum ya nemi na ranar da ya je maimakon ya dogara da nawa. Jaka a waje ake barinta. Na zauna jira ba da daɗewa ba aka kawo mini kundin, jaridun an ɗinke su wuri ɗaya da bango mai kauri, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Ma'aikacin ya nuna mini yadda ake juya shafi: a zura tafin hannu a ƙarƙashinsa a ɗauke shi gaba ɗaya, ba a kama kusurwa, ba a lasar yatsa. Mai asma ko mai saurin mura ya tafi da takunkumi, tsohuwar takarda ba ta rabuwa da ƙura.

Babu wani jerin sunaye da zai ce maka wane yana shafi kaza. Fitowa bayan fitowa za ka bi. Babbar fitinar kuwa ita ce jaridar na da daɗin karatu. Ka zo neman auduga, sai ka tsinci kanka kana karanta naɗin wani hakimi, ko gardamar masu karatu a kan tsadar aure, ko labarin alhazai, ko tallar keke da maganin tari, ka ɗaga kai ka ga an kusa tashi. Hausarsu ma abin tsayawa ce, a miƙe take, ba ta da yawan aron da muke yi yanzu. Dole na sa wa kaina doka: shafin wasiƙu da labaran Lardin Katsina kawai, sauran sai in na gama. Na kwana gidan wani abokin karatuna a Unguwar Rimi, wanda ya rage mini kuɗin masauki, na dawo da safe na ci gaba.

A cikin fitowar farkon 1956 na same ta, a ƙasan shafi ta hannun dama. Layin farko na gani na gane shi, don na riga na haddace. Na ciro guntuna a cikin ledarsa na ajiye a gefe. Inda almakashin ya bi ta sama, ga kan wasiƙar da edita ya sa mata. Inda ya yage ta ƙasa, kalmar da ta tsaya a rabi a hannuna ga ta nan cikakkiya, ga kuma layi huɗu da ban taɓa gani ba. Na juya shafin a hankali, ga tallar nan mai sule da sisi, ga maganar Sarauniya. Hannuna ya ɗan yi rawa, sai da na fita na sha ruwa na dawo kafin in iya ɗaukar hoto mai kyau. Ma'aikacin ya leƙo ya ce, "Malam, an dace ke nan?" Na ce an dace. Ya ce to in fara ɗaukar shafin farko mai ɗauke da kwanan wata da lambar fitowa, sannan shafin gaba ɗaya, sannan in matso kan wasiƙar. Wannan tsari na bi a duk abin da na ɗauka daga baya, kuma shi ya hana hotunan cakuɗe mini.

Wasiƙar ba ta da zafin da muka taso muna ji. Koke ne cikin ladabi. Yana cewa manoma na kawo auduga fuloti a kan jakuna su kwana a layi, malamin duba ya mayar da mai kyau lamba biyu ko lamba uku, wanda ya gaji da jira ya sayar wa 'yan baranda da araha, su kuma su shigar da ita a lamba ɗaya. Ya roƙi hukuma ta sa ido, ya kuma ba manoma shawara su shiga ajin Yaƙi da Jahilci don su iya karanta abin da sikeli ya nuna da abin da aka rubuta musu. Bai ambaci dagaci ko hakimi ba. A wancan lokaci hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashin auduga da gyaɗa, saboda haka lambar da aka ba kayanka ita ce kuɗinka na shekara, harajinka da suturar iyalinka duk a ciki. Layukan ƙarshe su ne ribar tafiyata: cikakken sunansa da na mahaifinsa, sannan malamin Yaƙi da Jahilci, sannan sunan wani ƙauye. Babu wanda ya taɓa gaya mana ya koyar. Sunan ƙauyen kuma ko mahaifina bai riƙe shi ba, mu dai Funtuwa muke cewa saboda ita ce babban gari mai tashar jirgin ƙasa da injin gurzar auduga.

Ban rufe kundin ba, na ci gaba da bin fitowar da suka biyo baya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, don wasiƙa a jarida takan haifi wata. Bayan 'yan makonni sai ga amsa daga wani da ya ɓoye sunansa ya sa laƙabi, shi ma daga yankin. Tasa ta fi zafi nesa ba kusa ba. Ya ce mai koken tsohon soja ne da ya dawo da ɗaurin kai, manoma ne ke zuba ƙasa da ruwa a cikin auduga don ta yi nauyi, malaman awo aikinsu suke yi. A nan na fara fahimtar inda maganar rigima da manya ta samo tushe.

Daga nan na wuce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Hukumar ta samo asali a 1954 da ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, manyan rassanta na Ibadan da Inugu da Kaduna. Nan ma wasiƙar gabatarwa, fom, kuɗin rajista da rasit. Tsarin ya bambanta da na jarida. Ana ba ka littattafan jerin fayil, kowane lardi da nasa: KATPROF na Katsina, KANOPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, sai SNP na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Ka rubuta lambar fayil a 'yar takarda ka miƙa, ka zauna a ɗauko maka. Wanda ke neman abin da ya shafi Katsina ya lura cewa sai 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Kafin nan tana ƙarƙashin Zariya, kafin Zariya kuma tana ƙarƙashin Kano, don haka tsofaffin takardunta suna iya kasancewa a jerin waɗancan. Kusan komai da Turanci ne, wani da tafireta, wani da rubutun hannun Di'o mai wuyar karantawa. Sunaye kuma yadda kunnen Bature ya ji haka ya rubuta: Muhammadu ɗaya zai fito Momodu a nan, Mamman a can, Mohammed a gaba. Haka sunan ƙauyen kakana, rubutu uku na gani. Sojoji kuwa sau da yawa da sunan gari aka yi musu rajista a madadin sunan uba, shi ya sa ake samun su Audu Katsina da Garba Kano barkatai.

Ban ga sunan kakana a fayil ko ɗaya ba. Malamin ajin dare a ƙauye bai kai Razdan ya rubuta sunansa a rahoton shekara ba. Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. Na samu gundumar da ƙauyen yake ciki da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya ba ni damar gano shi a taswirar yau, don yanzu akwai ƙauyuka biyu masu sunan. Wanda kakansa ya yi aikin gwamnati ko ya riƙe sarauta zai fi ni samun abin kamawa a nan, musamman a Gazet ɗin Jihar Arewa inda ake buga ɗaukar aiki da ƙarin girma, da jaridar Nigerian Citizen wadda kamfanin Gaskiya ya fara bugawa da Turanci a 1948, da New Nigerian da ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966.

Tafiya ƙauyen sai da na yi mata shiri, don kowa ya san halin da hanyoyin kudancin Katsina suka shiga. Na nemi wani ɗan yankin da ke sayar da hatsi a Dawanau, ya buga waya gida aka ce hanya lafiya, muka zaɓi ranar kasuwa muka shiga mota daga Kwangila. Ƙofar dagaci muka fara tsayawa. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni jikan wane ne ɗan wane, na zo neman dangi." Sunan mahaifin kakana, wanda jarida ta ba ni, shi ya buɗe ƙofar. Sunan kakana shi kaɗai da bai isa ba, masu irinsa sun yi yawa. Dagaci ya aika aka kira wani dattijo mai sanda, ya dube ni ya ce, "Jikan Malam Soja ne wannan?" Ashe da laƙabin da aka san shi ke nan. Dattijon yana cikin samarin da kakana ya koya wa a, ba, ca da fitilar ƙwai a zauren mai unguwa. Har yau yana iya rubuta sunansa, ya karɓi fensirina ya rubuta mini a littafi don in gani, haruffa manya-manya a karkace.

Shi ya kai ni gidan jikokin wan kakana. An yi kuka, an yanka kaza, an kira mata suka leƙo suna cewa ga goshin gidan nan. Babbansu ya jero mini kakanni biyu a sama da wanda na sani, ya ce asalinmu marina ne daga Maska, noman auduga ne ya fito da su ƙauyen. Da na kawo maganar wasiƙa sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, takarda ta yi nata, amma ba ita ta tashe shi ba." A wajensu rabon gona ne bayan rasuwar mahaifinsu ya ɓata tsakanin wa da ƙane, aka kai magana gaban alƙali, hukunci bai yi wa kakana daɗi ba. Wasiƙar ta zo a kan gaɓa ne kawai, ta sa waɗanda za su tsaya masa suka janye jiki.

Na koma na karanta wa Gwaggo wasiƙar daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta ce, "Shi ke nan? Babana, wannan ce takardar da ta raba mu da garinmu?" Na gaya mata abin da aka ce a ƙauye game da gona. Ta ce su suka ci gonar, dole su faɗi haka. Ban yi mata gardama ba. Ita tana yarinya a lokacin, abin da uwarta ta gaya mata ta riƙe, su ma abin da ubansu ya gaya musu suka riƙe. A ganina jarida ta ba ni abin da baki ba zai iya ba, wato lokaci da cikakken suna da wuri da kalaman mutumin da kansa, amma dalilin tashinsa ba ya cikinta. A littafina kowace magana na rubuta wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa, ban narkar da su sun zama labari ɗaya ba.

Ta fuskar kuɗi, mota ce ta cinye mafi yawa, sai abinci da goro da ɗan abin da ake riƙa wa dattawa, sai data. Rajista da hotuna su ne mafi ƙanƙanta. Abin da ke rage kashewar shi ne ƙuntata shekarun tun daga gida, don kowane wata da ka cire daga lissafi zaman ɗakin karatu ka rage. A kira waya ko a aika wani ya tabbatar ana buɗewa kafin a shiga mota, a tuna Juma'a gajeren yini ce. Guntun jarida kuma kada a kai shi shagon da ake manne takarda da leda mai zafi, ko a liƙa masa salatif. Zafin da gam ɗin suna cin takardar, kuma in an manne ba a ɓarewa. A shimfiɗa shi a tsakanin farar takarda biyu, a sa a ambulan, a nisanta shi da rana da danshi, a riƙa nuna wa mutane hotonsa.

Kada kuma kowa ya sa rai zai ga nasa. Jaridun nan maza suka fi ambata, mazan ma masu sarauta, ma'aikatan En'e, malaman makaranta, 'yan siyasa, manyan 'yan kasuwa, da masu ƙarfin halin rubuta wasiƙa. Kakata da ta adana takardar babu sunanta ko a layi ɗaya, tarihinta sai a bakin Gwaggo da waƙoƙin niƙa da ta bar mata. Wani kuma zai ga nasa a inda bai so ba, a labarin kora daga aiki ko shari'ar cin kuɗin haraji, don jarida ba ta san alkunya ba. Kafin a watsa irin wannan a zauren WhatsApp na dangi a fara kai wa manya.

Ni ma na tarar da irin nawa. Dattijon nan mai sanda, da na karanta masa amsar mai laƙabi, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce ya san salon, magatakardan dagacin wancan lokaci ne, kuma suruki ne ga wan kakana. Jikokinsa na nan a ƙauyen, ɗaya daga cikinsu ma shi ya ɗauke ni a babur ya mayar da ni bakin titi, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Na shawarci Baffa, ya ce zato ne na mutum ɗaya a kan wanda ya riga mu gidan gaskiya, ga shi zumuncin jiya-jiya aka ɗinke shi. Kwafin da na buga wa dangi yana ɗauke da wasiƙun biyu yadda jarida ta buga su, na biyun da laƙabinsa kawai.